Bango Suke Bauta Wa? Fashin Baƙi Kan Yadda Yahudawa Ke Ibada

Duk lokacin da ƙura ta sake tashi a birnin Ƙudus, hoto iri ɗaya ne ke dawowa cikin wayoyinmu: maza sanye da baƙaƙen kaya da malafa, sun fuskanci wani tsohon bango na manyan duwatsu, suna rangaji gaba da baya, wasu da ɗan baƙin akwati ɗaure a goshi. Kafin ka ce kwabo sharhi ya cika ƙarƙashin hoton. Wannan ya ce bangon suke bauta wa, wancan ya ce laya ce suka ɗaura, wani ya ce kuka suke yi saboda an tsine musu. To me mutanen nan suke yi a zahiri, wa suke kira, kuma me ya sa wurin tsayuwarsu kaɗai yake iya tayar da yaƙi?

Yawancinmu ba mu taɓa zama unguwa ɗaya da Bayahude ba. Abin da muka sani game da su ya zo mana ta karatun tarihin Madina, ta Littafi Mai Tsarki ga Kiristocinmu, sai kuma ta labaran Falasɗinu masu ƙona zuciya. Shi ya sa ibadarsu ta yau da kullum ta zame mana baƙuwa, ji-ta-ji-ta ta cike gurbin sani. Ni dai ina ganin ko mutumin da kake jayayya da shi, haƙƙinsa ne ka faɗi abin da yake yi yadda yake yin sa.

Salla ce ko addu'a?

Bahaushe ya raba salla da addu'a. Salla tana da lokaci da tsari, addu'a kuwa ko'ina ka ga dama ka ɗaga hannu. Abin da Yahudawa ke kira tefila da Ibrananci ya fi kusa da salla, domin yana da lokuta ƙayyadaddu, da alƙibla, da lafuzzan da ba a canzawa. Sai dai babu raka'a a ciki, kuma ana yin sa riƙe da littafi. Sunan littafin siddur, wato tsari.

Sau uku ake yi a yini. Ta safe ita ce Shaharit, wadda ake so a gama cikin sulusin farko na yini. Ta rana ita ce Minha, daga bayan rana ta gota tsaka zuwa faɗuwarta. Ta dare ita ce Ma'arib, wasu su ce Arbit. Ranar Asabar da ranakun idi da farkon wata ana ƙara ta huɗu mai suna Musaf. Sau ɗaya tak a shekara suke kai biyar, a ranar babban azuminsu. Kamar yadda Bahaushe ke kiran daren da ke bin yinin Alhamis da daren Juma'a, su ma sabuwar rana a wurinsu da faɗuwar rana take farawa.

Tsarki ma akwai, amma ba irin alwalarmu ba. Mai kiyaye addini da ya farka yakan fara da 'yar gajeriyar godiya ga Allah da ya mayar masa da ransa, sannan ya zuba ruwa a hannu sau uku-uku, yana sauya dama da hagu. Wanke ƙafa ba ya cikin sharaɗi, kuma a yawancin majami'unsu da takalmi ake shiga.

Haikalin da ya rushe, shi ne tushen zancen

Wanda bai fahimci wannan sashe ba, sauran duka za su rikice masa. A da can, tsakiyar ibadar Bani Isra'ila ba karatu ba ne, yanka ne. Akwai Haikali a Ƙudus inda firistoci daga zuriyar Annabi Haruna ke miƙa hadayar ɗan rago kowace safiya da kowace yamma a madadin al'umma baki ɗaya. Haikali na farko, wanda ake danganta wa Annabi Sulaiman, mutanen Babila suka rushe shi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Aka sake gina wani, shi kuma sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka ƙone shi a shekara ta 70 miladiyya.

Shari'arsu ta hana yin hadaya a wani wuri ban da can. Ka ga ke nan a rana guda addini ya wayi gari babu wurin yin babbar ibadarsa. Malamansu suka taru a wani gari mai suna Yabne, kusa da gaɓar teku, ƙarƙashin Yohanan ben Zakkai, daga baya kuma Gamaliyel na biyu, suka tsayar da cewa kalmomin baki za su zauna a gurbin yanka. Suka kira wannan ibadar zuciya. Shaharit ta maye hadayar safe, Minha ta maye ta yamma, Ma'arib ta dace da sauran naman da ke kwana yana ci a kan bagade, Musaf kuma ta tsaya a madadin ƙarin hadayar ranakun idi. Akwai wani ra'ayi a Talmud, babban kundin fiƙihunsu, da ya ce kakanni ne suka assasa su: Ibrahim ta safe, Is'haƙ ta rana, Yaƙub ta dare. Talmud ya kawo ra'ayoyin biyu gefe da gefe.

Daga nan alƙibla ta fito. Bayahuden da ke Amurka ko Turai gabas yake fuskanta, na Iraƙi yamma, na Yaman arewa, kowa yana neman Ƙudus, wanda ke cikin birnin kuma ya juya ga inda Haikalin ya taɓa tsayawa. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan, tunda Manzon Allah (SAW) da sahabbansa sun fuskanci Baitul Maƙdis wata goma sha shida ko sha bakwai bayan hijira kafin a juya alƙibla zuwa Ka'aba.

Rubutaccen siddur bai bayyana ba sai ƙarni na 9, lokacin da Amram Ga'on na Iraƙi ya tsara shi. Bayansa Sa'adiya Ga'on, haifaffen Fayyum a Masar wanda ya rasu a 942, ya rubuta nasa da bayanan hukunci cikin Larabci, domin shi ne harshen da jama'arsa ke ji a lokacin. Da ya fassara Attaura zuwa Larabci ma, da kalmar Allah ya yi amfani.

Me ake faɗa a ciki?

Ginshiƙai biyu ne. Na farko Shema, wanda ake karantawa safe da dare. Ya fara da aya daga littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 6: "Ji, ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne." Mai karatu yakan rufe idonsa da hannun dama don kada wani abu ya ɗauke masa hankali, ya ja kalmar ƙarshe, ehad, wato ɗaya. Ita ake fara koya wa yaro, ita kuma ake so mutum ya cika da ita. Duk wanda ya san matsayin kalmar shahada a bakin mai jinya zai gane nauyin da suke ba ta.

Nan za a ce, to ina batun Uzairu da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba? Malaman tafsiri da dama sun bayyana cewa wani rukuni ne daga cikinsu ya furta maganar. A siddur ɗin da ake amfani da shi yau babu kiran Uzairu ko Musa ko wani mala'ika a matsayin abin bauta. Musa bin Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya sa cikin ƙa'idojin imaninsu goma sha uku cewa Allah ɗaya ne, ba shi da jiki, kuma shi kaɗai ake roƙo. Saɓanin Musulmi da su yana kan annabcin Isa da Muhammadu (SAW) da kuma matsayin littafin da ke hannunsu, kuma saɓani ne babba da ba ya buƙatar a ƙara masa abin da babu.

Ginshiƙi na biyu shi ne Amida, ma'ana tsayuwa. Mutum zai ja da baya taku uku, ya matso taku uku kamar mai shiga gaban sarki, ya haɗe ƙafafunsa, ya karanta a asirce, leɓe na motsi ba a jin murya. Sun ce sun koyi wannan daga Hannatu, matar da ta daɗe ba ta haihu ba ta je tana roƙo a hankali har firist ya zaci ta bugu. Ana kiran Amida "goma sha takwas" duk da yanzu albarkun cikinta goma sha tara ne, saboda an ƙara ɗaya tun zamanin Yabne. Uku na farko yabo ne, uku na ƙarshe godiya da neman zaman lafiya. Sha ukun tsakiya buƙatu ne: ilimi, tuba, gafara, waraka, albarkar damina, adalcin alƙalai, tattaro waɗanda suka warwatsu, sake gina Ƙudus, da zuwan mai ceto daga gidan Dawuda. A riƙe waɗannan ukun na ƙarshe, za mu dawo kansu. Kusan duka da "mu" ake faɗinsu, ka warkar da mu, ka gafarta mana, ko da mutum shi kaɗai ne a ɗaki.

Ana rusunawa sau huɗu a cikin Amida. Kai goshi ƙasa kuwa ya ragu ƙwarai, a wurin yawancinsu sai ranar sabuwar shekara da ranar babban azumi. Ibrahim, ɗan Musa bin Maimun, wanda ya shugabanci Yahudawan Masar har ya rasu a 1237, ya yi ƙoƙarin dawo da sujada da wanke ƙafa da tsayuwa sahu-sahu, yana cewa gadon annabawansu ne da suka saki, maƙwabtansu Musulmi suka riƙe. Jama'arsa da yawa ba su bi shi ba. Ƙaramar ɗariƙar Kara'iyawa dai har yau tana cire takalmi tana sujada.

Sunan Allah mai harafi huɗu da ke rubuce a Attaura ba a furta shi ko kaɗan. A cikin ibada sai a ce Adonai, wato Ubangijina, a hira kuma HaShem, wato Sunan. Takardar da ke ɗauke da shi ba a jefa ta a shara, ajiye ta ake yi har a binne.

Akwatin goshi, mayafi da rangaji

Akwatin nan sunansa tefillin, kuma biyu ne: ɗaya a saman goshi, ɗaya a dantsen hannun da ba shi mutum ya fi amfani da shi ba, yana kallon zuciya, a naɗe igiyarsa ta fata sau bakwai a hannu. A ciki akwai sassa huɗu na Attaura da aka rubuta da hannu a kan fata. Bahaushe na gani zai ce laya, kuma a siffa ba a ga laifinsa ba. Amma dalilin ɗaura shi umarni ne da ke cikin Shema kanta, cewa a ɗaura waɗannan kalmomi a hannu su zama alama, a sa su tsakanin idanu. Sai suka ɗauki umarnin a zahirinsa. Da safe ake sawa a ranakun aiki, a cire in an gama. Ba a sawa ranar Asabar. Ayar dai ita ta ce a rubuta su a dogaran ƙofa, shi ne ɗan kwanson da ake gani a jikin ƙofar gidajensu, mezuza.

Farin mayafin mai ratsi shi ne tallit. Darajarsa tana ga tuntayen zaren da ke kusurwoyinsa huɗu, waɗanda Littafin Ƙidaya ya ce a riƙa kallo don tuna dokokin Allah. Da yawa da shi ake yi musu sutura in sun mutu. 'Yar hular tsakar ka, kippa, alamar ladabi ce gaban Wanda ke sama. Baƙar kwat da malafa kuwa ba shari'a ba ce, tufafin Yahudawan gabashin Turai ne da wasu ɗariƙu suka riƙe. Bayahuden Yaman ko Maroko ko Habasha kakanninsa ba su san su ba.

Rangajin fa? Ba wajibi ba ne, kuma ba kowa ke yi ba. Wasu sun jingina shi ga ayar Zabura da ke cewa dukan ƙasusuwana za su yabi Ubangiji. Wasu sun ce rai kamar harshen fitila yake, ba ya tsayawa cik. Yahuda Halebi, malamin Andalus na ƙarni na 12, ya kawo bayani mai sauƙi: littattafai sun yi ƙaranci, mutum goma na karatu a littafi ɗaya, kowa ya sunkuya ya duba ya ɗago ya ba na kusa wuri, har abin ya zama jiki. Ni kam ban taɓa ganin abin mamaki a nan ba. Duk wanda ya zauna a tsangaya da asuba ya ga gardi na tilawa, ya san yadda jiki ke bin karatu ba tare da an umarce shi ba.

Mutum goma, da inda mata ke tsayawa

Mutum na iya yin ibadarsa shi kaɗai, amma wasu sassa ba sa yiwuwa sai an cika goma, abin da ake kira minyan. Yaro na shiga lissafi da ya kai shekara 13. Sai da goma ake fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta, ranakun Litinin, Alhamis da Asabar, har a sauke shi cikin shekara guda. Sai da goma ake karanta Kaddish, wadda ɗa ke yi wa iyayensa wata goma sha ɗaya bayan rasuwarsu. Abin da ya fi taɓa ni game da Kaddish shi ne babu ambaton mutuwa a cikinta ko sau ɗaya. Girmama sunan Allah ce daga farko har ƙarshe, a bakin wanda aka yi wa rashi. Kuma tunda ba ta yiwuwa a kaɗaice, dole mai makoki ya fito cikin mutane kullum.

Ba lallai rabbi ne zai ja ibada ba. Shi malamin shari'a ne, kuma duk baligin da ya iya karatun yana iya wucewa gaba.

Kan mata kawunansu a rabe suke. 'Yan gargajiya, waɗanda ake kira Otodoks, maza kaɗai suke ƙirgawa cikin goman, da shamaki tsakanin maza da mata. Masu sassauci, waɗanda tafiyarsu ta faro a Jamus farkon ƙarni na 19 ta yi ƙarfi a Amurka, suna zama a haɗe, suna ibada da harshen gari tare da Ibrananci, suna kuma naɗa mata malamai: Regina Jonas a Jamus a 1935, Sally Priesand a Amurka a 1972. Tun 1988 wata ƙungiyar mata ke kai ruwa rana da hukumar da ke kula da bangon Ƙudus kan a bar su su sa tallit su karanta Attaura a ɓangaren mata. Ga kuma ɗimbin Yahudawa, a Isra'ila da wajenta, da ba sa leƙa majami'a sai sau ɗaya ko biyu a shekara.

Asabar da manyan ranaku

Shabbat, wato hutun Asabar, na shiga da faɗuwar ranar Juma'a, ta fita in taurari sun bayyana daren Lahadi. Uwar gida ta kunna kyandir, mai gida ya yi albarka a kan ruwan inabi da burodi biyu. Masu tsanantawa ba sa kunna wuta, ba sa tuƙi, ba sa taɓa waya ko kuɗi. A Amidar ranar ana cire roƙe-roƙen tsakiya, albarku su koma bakwai. A sabuwar shekara ana busa ƙahon rago don tuna ragon da ya fanshi ɗan Ibrahim, wanda a wurinsu Is'haƙ ne. Rana ta goma ga watan sabuwar shekarar ita ce Yom Kippur, azumin kusan awa 25 babu ci babu sha, ana neman gafara. Sun ce azumin ba ya goge haƙƙin ɗan'adam sai an je an nemi yafiyarsa.

Bango, da harabar da ke bayansa

Yanzu mu koma ga hoton farko. Bangon ba jikin Haikali ba ne. Katangar tokare ce da aka gina lokacin da Sarki Hirudus ya faɗaɗa filin tsaunin, aikin da aka fara wajen shekara 20 kafin miladiyya. Tsawonta ya kai mita 488, amma inda ake taruwa bai wuce mita 60 ba. Suna tsayawa a nan ne saboda yana kusa da inda suke ganin ɗaki mafi tsarki na Haikalin ya tsaya, kuma abin da ke bakinsu shi ne Shema da Amida da Zabura, waɗanda ake karantawa a kowace majami'a a duniya. Takardun da ake cusawa a tsagar duwatsu roƙo ne da ake rubuta wa Allah, ana kwashe su sau biyu a shekara a binne a Dutsen Zaitun. Fafaroma John Paul na biyu ya sa tasa a 2000, Donald Trump ma a 2017, kuma Kiristocin Najeriya masu zuwa ziyara suna tsayawa a wurin. Musulmi na kiransa bangon Buraƙa, inda aka ɗaure dabbar daren Isra'i. Filin da ke gabansa kuwa unguwar Magaribawa ce, wadda Isra'ila ta rushe cikin 'yan kwanaki bayan ta kama tsohon birnin a 1967, aka kori iyalan da ke ciki.

A saman bangon nan ne harabar Masallacin Al-Aƙsa take. Tsarin da aka tafi a kai tun 1967 shi ne hukumar waƙafi da ke ƙarƙashin Jodan ta gudanar da harabar, wanda ba Musulmi ba ya shiga ziyara amma kada ya yi ibada. Yarjejeniyar Jodan da Isra'ila ta 1994 ta amince da matsayin Jodan na musamman a wuraren. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne majalisar manyan malaman Isra'ila ita kanta ta haramta wa Yahudawa hawa can, domin a fiƙihunsu kowa yanzu yana ɗauke da ƙazantar gawa, wadda ba ta fita sai da tokar jar saniya marar aibi. Daga nan zancen jar saniya ya samo asali, kuma ya ƙara zafi da aka shigo da guda biyar daga jihar Texas a 2022. Kada a haɗa ta da saniyar Suratul Baƙara, waccan fatsi ce kuma ƙissarta daban.

A nan ne roƙe-roƙe ukun da na ce a riƙe suka raba su gida uku. Akwai masu tsananin gargajiya irin su Satmar da Neturei Karta, waɗanda ke roƙon a gina Ƙudus sau uku a yini amma suna ganin kafa ƙasa da ƙarfin bindiga kafin zuwan mai ceto saɓo ne. Akwai masu sassauci da tun ƙarni na 19 suka cire roƙon dawo da yanka daga littafinsu. Sai masu haɗa addini da kishin ƙasa, waɗanda wasunsu ke cewa roƙo ya isa haka, lokacin aiki ya yi. Daga cikinsu ne aka kafa wata cibiya a 1987 da ke ƙera kayan Haikali na uku, kuma daga cikinsu ne minista Itamar Ben-Gvir ya fito, wanda ya sha shiga harabar da rakiyar 'yan sanda yana cewa Yahudawa na da ikon ibada a can.

Don haka Bayahude da ke Amida a gindin bango ko a majami'ar unguwarsu a Landan abu ɗaya ne, ɗan siyasar da ya hau harabar da tallit a kafaɗa kuma abu ne daban, ko da lafazin bakinsu iri ɗaya ne. Na biyun ne ke taɓa rayuwar talaka. Shigar Ariel Sharon, jagoran 'yan adawar Isra'ila a lokacin, harabar a watan Satumban 2000 ita ta kunna wutar Intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa, wadda ta ci dubban rayuka. Duk lokacin da idin Yahudawa ya zo, musamman in ya haɗu da Ramadan kamar yadda aka yi a 2022 da 2023, Bafalasɗinen tsohon birni ya san abin da ke tafe: shingaye a ƙofofi, a kayyade shekarun masu shiga salla, ɗan kasuwa ya rufe shago da rana tsaka, dattijon da ya taso daga Nablus tun asuba a mayar da shi daga shingen bincike. Su kuma Falasɗinawa suna da misalin da suke tsoro a gabansu, wato Masallacin Annabi Ibrahim da ke Al-Khalil, wanda aka raba gida biyu tsakanin Musulmi da Yahudawa bayan kisan masallata 29 da wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi, Baruch Goldstein, ya yi a cikinsa a watan Ramadan na 1994.